Inuwar da Ya Manta Bai Goge Ba

Masu karatu, baiwar Allahn da ta rubuto min cewa ina ja wa Injiniya rai ne don na ga yana da haƙuri, na gode, Allah ya bar zumunci. Ki gyara zama ki ji abin da ya faru a tafiyar da muka yi ranar Asabar, in kin gama sai ki ci gaba da zagin da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni a shagon wanke hoto nake aiki, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Shekara huɗu ke nan ina zaune gaban kwamfuta, kuma rabin aikina goge mutane ne. Mace za ta kawo hoton biki ta ce a cire mata tsohon miji a bar kujerar. Wani zai kawo hoton 'yan ajinsu, ya ɗora farce a kan mutum ɗaya ya ce wannan ba ya son ganinsa a bangon falonsa. Ba na tambayar dalili. In cire mutum, in cike gurbinsa da bango ko ciyawa, sannan in bi inuwarsa a ƙasa ita ma in share, domin inuwa ita ce ke tona asirin ɗan koyo. A gida ma ƙannena Mai Goge suke ce min in Mama ba ta kusa.

Shi kuwa Injiniya faifan sola yake kafa wa ƙananan asibitoci da famfunan ruwa a ƙauyukan da wuta ba ta kai ba. Wata bakwai da suka wuce ya shigo shagonmu ɗaukar hoton fasfo, ya ƙifta ido sau uku, a na huɗu ya nemi lambata. Dogo ne, mara yawan magana, rigunansa duk masu aljihu biyu ne a ƙirji. Sauran 'yan mata ana turo musu kalaman da ke sa mutum ya rungumi filo. Ni duwatsu ake turo min. Yau dutse, gobe busasshen kogi, jibi wata bishiya ita kaɗai a tsakiyar fili, a ƙasa ya rubuta, “Mai hoto, ya kika gani?” Mama ta taɓa leƙa wayata ta ga wani kwazazzabo, ta ce in tambaye shi ko a nan zai ajiye ni.

Gaskiya tun ina amsawa don kara har na koma jira. Ni da ban taɓa yin nisa da gari ba, sai ga shi na san inda hanya ke lanƙwasawa ta bayan wani jan tsauni, na san wata gada mai ƙarfe ɗaya a karye. In ya wuni bai turo ba sai in yi ta juya wayar kamar laifinta ne. A taƙaice dai na kamu, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai dai gidanmu akwai sharaɗi. Mama ta shigo gidan Baba da ni a hannu ina shekara uku, ta tarar da Yaya yana shekara shida, mahaifiyarsa ta rasu. Wato ni agola ce, ita kuma ta riƙi ɗan wani. Baba bai taɓa nuna min bambanci ba, ko takalmi zai saya tare yake auna ƙafafunmu da tsinke ɗaya. Amma Mama ta sha bakin dangi. In Yaya ya rame a ce tana hana shi abinci, in ya yi ƙiba a ce tana ɗura masa don ya dakushe a makaranta. Shi ya sa tun ina sakandare take cewa ta riƙi na wani, an riƙe mata nata, ta san zafin kowanne, kuma 'yarta ba za ta auri mai ɗa ba ko da shi ne ya rage a duniya.

Ranar da Injiniya ya zo gaishe su, Baba ya tambaye shi ko ya taɓa aure. Ya ce ya taɓa, shekara uku ke nan da rabuwa. Kafin Baba ya jefa tambaya ta gaba, Mama ta ce daga bayan labule, “In dai babu ɗa a tsakani, da sauƙi.” A lokacin kofin shayi na bakinsa. Ya haɗiye, ya ajiye kofin a hankali, Baba kuma ya shiga tambayarsa dalilin da ya sa batirin solar maƙwabcinmu yake mutuwa kafin asuba. Daga baya an tura Yaya bincike. Ya je wurin aikinsu, ya wuni, ya dawo ya ce mutumin kirki ne, tayoyin motarsa huɗu duk sababbi.

To, makon jiya manyansa suka aiko suna son zuwa. Baba ya kira ni falo, ya rage muryar rediyo, ya ce shi ba zai ba kowa rana ba sai ya ji daga bakina. Ya ce tunda Injiniya ya ɗauki nauyin mayar da Gwaggo garinsu ranar Asabar, ni da Yaya za mu raka ta, to in mun dawo in ba shi amsa guda, e ko a'a, don ba ya son ɗan mutane ya yi ta zarya a ƙofar gidansa kamar mai karatun mita. Na ce to. A raina amsar a shirye take tun tuni.

Ranar Alhamis ne shegen iyayi ya kai ni. Na ce bari in wanke hoton farko da ya taɓa turo min in saka a firem in ba shi a hanya. Wani ƙaton dutse ne mai tsagewa a tsakiya, da bishiya ta fito ta cikin tsagar. Na tura shi kwamfutar shago, ya buɗe a babban allo, na zuƙo don in gyara haske. A gefen hagu, gaban dutsen, ciyawa ta maimaita kanta. Tsiro ɗaya mai lanƙwasa ya fito sau uku a jere, kuma jikin dutsen a wurin ya yi laushi kamar an shafa masa mai. A ƙasa kuwa ga inuwa kwance, gajeriya, ba ta da mai ita.

Na daɗe ina kallonta. Wata mata ta shigo karɓar hotunanta, na ba ta na wani, ta dawo da su.

Daga nan na kwaso duk hotunan da ya taɓa turo min na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ranakun aiki lafiyarsu lau. Na Asabar da Lahadi kuwa, kusan kowanne akwai wurin da aka shafe da abin gogewar nan na waya, wanda ke yi wa mutum aiki cikin daƙiƙa biyu ya bar masa shaida ta shekara goma. Gurbin bai wuce tsayin ƙugun mutum ba. Na ce shi ke nan, mace ce, zama take yi a ɗauke ta, ta ƙarshen mako. Har na ƙera mata kama a raina, fara, mai son jingina da duwatsu. An ce wanzami ba ya son jarfa, ranar na san gaskiya ne, don abincin rana ma a rufe na mayar da shi gida.

Ban tambaye shi a waya ba. Wanda ya iya goge hoto zai iya goge magana. Da ya turo saƙo da yamma yana tambayar ko na shirya, na rubuta masa, “Na shirya tsaf.” Ya turo alamar murmushi, ni ma na mayar masa da irinta, har biyu.

Asabar da sassafe na sa doguwar riga ruwan toka mara ado, na yafa baƙin mayafi, na sa takalmi mai igiya. Mama ta dube ni sama da ƙasa ta ce yawon buɗe ido za ni ko gaisuwar rasuwa. Gwaggo kuwa, yayar Baba ce, ta fito cikin leshi ruwan hoda mai duwatsu, da sarƙa, da tabarau mai faɗin faranti, da jakunkuna biyar da buhu ɗaya da ta ce ba kaya ba ne. Motar aikinsa ce ya zo da ita, a-kori-kura mai ƙofa huɗu, bayanta da tsani da igiyoyin wuta. Gwaggo ta shige gaba saboda gwiwa. Ni da Yaya muka zauna baya, ni a bayan kujerar Gwaggo. Mama ta miƙo mana fulas ɗin shayi da burodi da dafaffen ƙwai, ta ce in riƙa turo mata hoton hanya don ta san muna raye.

Awa ɗaya da barin gari gidaje suka ƙare, awa biyu sabis ya ɗauke. Kwalta ta koma tsakuwa, tsakuwa ta koma jar ƙasa. Fili ya buɗe ta ko'ina har ido ya gaji, tsaunuka can nesa shuɗaye-shuɗaye, nan da can garken awaki ba makiyayi a kusa. Wuraren da na sani a tafin hannuna sai ga su da girmansu, suna wucewa ta taga. Da ba da ƙulli a zuciya na zo ba, da na ji daɗi ƙwarai.

Gwaggo ce ta ji daɗin a madadina. Duk inda ta ga tudu sai ta ce a tsaya. Ta fito ta dafa mota, ta ɗaga haɓa, ta kalli nesa kamar mai jiran jirgi. Yaya ne mai ɗauka da farko. A hoto na ɗaya ya yanke mata kai, a na biyu yatsansa ya rufe rabin tsaunin, a na uku ashe kamarar gaba ya kunna, hancinsa muka samu. Gwaggo ta ƙwace wayar ta ba ni, ta ce tunda abin da nake ci da shi ke nan, in yi aikina, kuma in rage mata wuya in ƙara wa dutsen tsayi.

Abu ɗaya na lura da shi. Akwai wuraren da Injiniya ke rage gudu da kansa ba wanda ya ce masa komai, sai ya ɗaga ido ya kalli madubi, daidai kujerar da nake zaune, kamar mai jiran a ba shi umarni. In na yi shiru sai ya ɗan yi jim, ya taka mota. Na ɗauka kallon soyayya ne, har na gyara mayafi sau biyu duk da fushin da nake ciki.

Wajen azahar muka iso dutsen mai tsaga. Tun daga nesa na gane bishiyar. Na ce a tsaya, karo na farko da na buɗe baki tun safe. Ya taka birki da sauri har tabaran Gwaggo ya zamo.

Na sauka na tafi kai tsaye gefen hagu, na nemo tsiron nan mai lanƙwasa, na same shi guda ɗaya tak kamar yadda Allah ya halicce shi. Na tsaya a wurin na duba. Babu dutsen zama, babu kututture, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya cike da ƙaya, ko akuya ba za ta zauna a nan ba. Wanda aka goge a tsaye yake. Na sa hannu a jikin dutsen daidai inda laushin ya ƙare a hoton, hannun ya tsaya a ƙuguna. Farar macen da na ƙera ta fi min sauƙi a kan abin da nake shirin ganewa.

Gwaggo ta ƙwala min kira, ta ce wayarta ta cika, kuma ta lura ta Injiniya ta fi fitar da hasken fata, a ɗauke ta da ita. Ya ciro wayar daga aljihun ƙirji, ya buɗe, ya miƙo min ba tare da tunanin komai ba. Na ɗauki Gwaggo sau shida. Ta jawo Yaya ta ce a yi musu na jini ɗaya, ta ce da ni in matsa baya inuwata na shiga. Ba da mugunta ta faɗa ba, ita haka bakinta yake. Tun ina ƙarama in an taru za a yi hoto, ita ce mai cewa a yi na kowa da kowa, sannan a yi na 'yan gida, sai in tsinci kaina a gefe riƙe da jakunkunan mutane. Baba ne ke jawo ni ya tsayar a gabansa, ya dafa kafaɗata har a gama. Ranar da ba ya nan kuwa, jakunkuna.

Da suka tafi duba inda za a shimfiɗa darduma, na shiga ma'ajiyar hotunansa. Na san ba kyau, kada ku wahalar da yatsunku wajen gaya min. Na gangara wata bakwai baya, na sami dutsen, na taɓa wurin gyara. Irin wayar nan ba ta yar da na asali, ajiye shi take yi a ƙasa, ɗan koyo ne kawai bai sani ba. Na danna mayarwa.

Yarinya ce. Ba za ta wuce shekara biyar ba. Riga ruwan ɗorawa mai manyan maɓallai, takalmin dama a ƙafar hagu, ta ware hannuwa biyu iya ƙarfinta kamar ita ta kawo dutsen wurin. Tana dariya, haƙorin gaba ɗaya babu. Goshin nan da kunnuwan nan ba sai an kai su asibiti gwaji ba.

Yaya ya hau kan dutsen neman sabis, Gwaggo ta tayar da salla a inuwar bishiya. Injiniya yana bayan mota yana ƙara ɗaure buhun da ba kaya ba. Na je na tsaya kusa da shi, na juya masa fuskar wayar. Ya kalla. Igiyar ta zame daga hannunsa, bai bi ta ba.

“Ka manta inuwar,” na ce.

Ya jingina da jikin motar. Sannan ya ce 'yarsa ce. Ya ce uwarta ta yi wani auren, mijin ya ce shi ba ya riƙon agola, aka dawo masa da ita da kayanta a leda tana shekara biyu. A wurin mahaifiyarsa take, can wata unguwa, shi kuma duk Asabar da Lahadi in zai zagaya duba ayyukansa sai ya ɗauko ta, don ba shi da wani lokacin da zai ba ta. Ya ce ranar da ya zo gidanmu ya zo da niyyar faɗa, maganar Mama ta riga shi, ya ce bari sai an saba, da aka saba kuma ya ji tsoron rasa ni. Kullum yana cewa gobe.

Na ce masa wannan duk na ji, kuma tsoro ba baƙon kowa ba ne. Abin da ban gane ba shi ne wahalar. In ba ya son in gan ta, me ya hana shi ɗaukar dutsen shi kaɗai, ya huta da gogewa?

Ya shafa ƙeya. Ya ce ai ba shi ke zaɓar wuraren ba. Shi in ya kama hanya ba ya ganin komai sai ramuka. Ita ce ke zama a kujerar da na zauna, ta manne hanci da gilashi, in ta ga abin da ya yi mata sai ta buga kujera ta ce a tsaya nan. Shi ya sa yake ce mata Kwandasta. Hotunan ranakun aiki ma wuraren da ta taɓa nunawa ne yake komawa. Kuma ba ta yarda a ɗauki wuri babu ita a ciki.

“Ta san da ni?”

“Ta sani. Ita ke cewa a tura wa Anti mai hoto.” Ya dubi wayar da ke hannuna. “In mun koma mota sai ta tambaye ni me kika ce a kan rigarta.”

“Me kake ce mata?”

“Ina cewa kin ce ta yi kyau.”

Masu karatu, na tuna amsar da na ba shi a kan wannan hoton, don ina da ita a waya har yanzu. Na rubuta, “Kai, bishiyar nan ta burge ni.” Wata bakwai yarinya tana sa rigunanta masu kyau, tana ware min hannuwa a gaban duwatsu, ni kuma ina yabon itatuwa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba, kuma na ji haushinsa, don na so a ce da busasshen ido na yi wannan maganar.

Na tambaye shi yau fa, Asabar ce, ina take. Ya ce ya gaya mata motar ta lalace. Ta ce to ya gaishe da makaniken.

Na goge fuskata da gefen mayafi. Na ce masa ni aikina ke nan, na goge mutane sun fi ɗari, amma ban taɓa goge wanda ya tsaya ya yi murmushi domin ni ba. Na ce samun 'ya ba laifi ba ne, ni ma 'yar wani ce aka shigo da ni, kuma wanda ya karɓe ni bai taɓa ɓoye ni a bayan ƙofa don baƙi sun zo ba.

“Abin da nake tsoro,” na ce, “mutumin da ya iya goge 'yarsa don ya same ni, ranar da ya ga abin da ya fi ni, yatsa ɗaya zai sa.”

Bai kare kansa ba, wannan na ba shi. Ya ce duk lokacin da ya goge ta sai ya kasa kallonta har su isa gida. Na ce wannan tsakaninsa da ita ne, ita zai ba haƙuri in ta girma ta gane. Ni abin da nake so, ya mayar da kowane hoto yadda yake ya turo min, kada ya bar ko ɗaya. Kuma ya sani amsar da zan ba Baba da yarinyar nan a cikinta zan ba da ita, a gaban Mama, in ta rushe ta rushe. Ya ce Mama ba za ta yarda ba. Na ce wataƙila, amma gara ta ƙi gaskiya da ta yarda da ciyawa.

Gwaggo ta sallame ta ce me muke ƙullawa a bayan mota. Na ce igiya. Muka ci burodi da ƙwai a tsaye, Injiniya ya zauna a kan taya yana ta danne-danne, Yaya ya ce masa ai ba sabis, ya ce ya sani, za su tafi in an samu.

Sauran hanyar ba wanda ya yi magana sai Gwaggo, wadda ta ba mu tarihin ciwon gwiwarta daga farko. Wajen la'asar muka hau wani dogon tudu mai ƙarfen sabis a kansa, Injiniya ya ce nan ne kaɗai ake samu kafin garin su Gwaggo. Kafin ya gama tsayawa wayata ta fara ƙara, ɗaya na bin ɗaya ba numfashi, har Gwaggo ta juyo ta ce wa ya rasu. Na ce saƙonnin aiki ne. Ita da Yaya suka sauka kowa ya ɗaga wayarsa sama yana ɗora hotuna.

Ni na zauna a kujerar ina buɗewa. Ga gadar nan mai karyayyen ƙarfe, ga ta a kai ta riƙe ƙugu. Ga busasshen kogin, ga ta a tsakiya da rigar makaranta da hular babanta har hanci. Ga jan tsaunin, ta juya baya tana leƙowa ta ƙarƙashin hannu. Bishiyar nan da na yi ta tausaya wa don tana tsaye ita kaɗai a fili, ashe rungume take. Duk wuraren da na haddace, babu wanda na sani daidai.

A tsakiyarsu saƙon Mama ya shigo, tun na safe: “Ina hoton hanyar? Ko kun faɗa kwazazzabon nan ne?”

Na zaɓi na dutsen mai tsaga. Na rubuta a ƙasa, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na bar shi haka: “Mama, 'yarsa ce. Shekararta biyar. Ya ɓoye mana saboda tsoro. Ban yafe masa ba, amma ina sonsa, kuma ita ma ina jin zan so ta.” Na tura kafin hankalina ya dawo.

Alamar ta koma shuɗiya nan take. Aka nuna Mama tana rubutu. Ta daina. Ta sake farawa, ta daɗe har na ce wannan wasiƙar korata ce daga gida, sai ta sake dainawa. Injiniya yana tsaye a jikin ƙofa ya ba ni baya, wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf duk da iskar da ke kaɗawa. Ni kuma na san Mama, in ta ce a'a ko Baba ba ya sake tayar da zancen.

Saƙon ya shigo, layi ɗaya.

“Wa ya yi wa yarinyar nan wannan kitson?”

Na koma hoton na zuƙo kanta. Ni da nake taƙama da ido, na ga ciyawa, na ga inuwa, ban ga wannan ba. Layuka huɗu ne, babu wanda ya san inda ɗan'uwansa ya nufa, ɗaya ya taso daga goshi ya ɓace a hanya, an ɗaure ƙarshensa da abin da na tabbata robar ɗaure wayar wuta ce. Na miƙa masa ta taga ya karanta. Ya ce shi ne, hannun mahaifiyarsa yana rawa yanzu, a bidiyo ya koya.

Na rubuta, “Ubanta.”

Wannan karon ba ta ɓata lokaci ba.

“Na ga alama. Ya kawo min ita ranar Litinin da safe in tsefe mata, kafin gashin ya karye. Maganar aure ban ce komai ba. Shi kuma kada ya shigo min falo, ya jira a ƙofar gida.”